Zaren Bahago

Nyanga, 9 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga 'yata Shorai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Gwinyai da sauran mutanen Bulawayo. Mu nan lafiya lau. Gwaggonki Runiya tana nan, bakinta ma yana nan. Ƙafata ta daina ciwo, ta miƙa wa ƙugu aikin. Kunnena na hagu kuwa, shi ne dalilin wannan takarda. Gara ki ji daga bakina kafin Runiya ta sa masa gishiri.

Ranar Talata hazo ya sauko daga kan dutse, da yayyafin nan mai shiga ƙashi, ga iska. Abokina Firimoni ya leƙo ya ce, "Zakeo, yau ko kare ba a kora waje." Na ce masa ai mu ba karnuka ba ne, kare yana da hankali. Muka sauka tafki. Shi a kan filafili, ni a gaban kwalekwale kamar kullum.

Kin san shekara talatin da ɗaya na yi wa otal ɗin can ina ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu, ina yi wa kifi ƙaryar cewa ƙuda ne. Na koya wa Turawa jifa, na koya wa 'ya'yansu, na koya wa manyan gwamnati masu tumbi. Kullum abin da nake fara gaya musu shi ne, ka san inda iska take kafin ka ɗaga hannu. To ranar nan malamin ya manta karatunsa. Na ɗaga sanda, na wurga igiya baya, na kawo ta gaba, sai na ji an cafke. Shorai, hannuna bai tambayi kaina ba. Da na ji an ja, ni ma na ja, da ƙarfi, yadda ake yi wa babban kifi. Ashe ni ne kifin.

Firimoni ya yi dariya har filafili ɗaya ya faɗa ruwa. Ya ce, "Kai, yau ka kamo tsoho mai kilo sittin. A sake shi, ba ya ciyuwa." Ya ce mu koma a cire. Amma ƙugiya ba ta komawa ta inda ta shiga, sai an tura ta ta ɓullo an datse, kuma a daidai lokacin nan kifi ya fara tasowa. Sai na yanke igiya, na bar ƙudan yana lilo a kunnena kamar ɗan kunnen amarya, na ɗaura wani. Awa uku muka ƙara. Kifin tirawut biyu na kama. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa ya ji sosai, jikin ne dai bai tsira ba.

A ɗakin shan magani, yarinyar da ta cire ta ce, "Kaka, wa ya yi maka wannan?" Na ce wani maƙiyina ne, tare muke kwana tare muke tashi. Ta fi kallon idona a kan kunnen, har da haska mini tocila. 'Yan matan yanzu ba su da kunya.

Ga ƙudan wannan wata a cikin ambulan, kamar yadda na saba aiko miki tun da kika tafi. Gashin wuyan zakaran Runiya ne. Ba ta sani ba, zakaran kuma ya yi alkawari ba zai faɗa ba.

Ki ci abinci. Ki daina ɗinki har ki manta da kanki.

Ubanki,
Zakeo


Bulawayo, 20 ga Oktoba, 1993

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya kunnen? Mu lafiya, Gwinyai yana gaisuwa, aiki a kamfanin ɗinki ya yi yawa saboda kayan Kirsimeti.

Na yi dariya, sannan na daina. Shekararka sittin da bakwai. In da ƙugiyar nan ta gota kaɗan, da ba labarin kunne kake ba ni ba. Kuma tun ina ƙarama ban taɓa jin iska ta yaudare ka ba.

Baba, rubutunka ya ƙara girma, layukan suna gangarawa kamar za su zube daga takarda. Ƙudan da ka aiko ma kansa ya yi kauri, zaren ya rufe rabin idon ƙugiya. Da ni na ɗaura shi haka lokacin da nake zama kusa da teburinka, da ka sa reza ka kwance ka ce in sake. Gwaggo Runiya ta rubuto mini cewa likitocin ido za su zo asibitin mishan daga Litinin 22 ga Nuwamba zuwa Jumma'a, suna cire yanar ido, kuma in sun tafi sai baɗi. Ka je a duba ka. Ba na roƙonka ka bar tafki, na san da dutse nake magana. A duba ka kawai.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barci da murna da tsoro. Ina da ciki, wata uku. Ka san sau biyu ina samu yana zubewa, shi ya sa ban gaya wa kowa ba, ko Gwaggo. Likita ya ce wannan ya zauna. In Allah ya yarda, a watan Fabrairu Gwinyai zai kawo ni gida da awaki a yi masungiro, al'adar miƙa mai ciki ga iyayenta, in haihu a ɗakin da aka haife ni. Mama ba ta nan, kai ka rage mini. Kai na fara gaya wa. Ka rubuto da wuri, ina so in ji me za ka ce.

'Yarka,
Shorai


Nyanga, 2 ga Nuwamba, 1993

'Yata Shorai,

Gaisuwa da fatan alheri. Kunne ya warke, ya bar ƙofa, iska tana wucewa ta ciki tana yi mini fito. Runiya lafiya. Ta gano maganar zakara, domin wuyansa ya koma kamar na ungulu, mun yi kwana biyu ba ta ba ni miya a kan tuwon sadza.

Takardarki ta iso, na karanta ta tsaf, har sau biyu. Na ji duk faɗan da kika yi mini, kuma kin yi gaskiya, uwarki ma haka take yi, sai dai ita da muciya a hannu. Na san tambayarki: me ke kai tsoho tsakiyar ruwa a cikin sanyi? Bari in gwada amsawa, ko da yake a aji uku na tsaya, kuma rabin aji ukun a waje na yi shi a durƙushe.

Ranar da gari ya yi kyau, rana ta fito, tafki ya kwanta kamar madubi, ranar ta baƙi ce masu ɗaukar hoto. Kifi na ganinka, mai jar koma. Yana ganin igiyarka, yana ganin inuwarka, yana ganin ƙaryarka tun daga nesa. Amma in iska ta yamutsa fuskar ruwa, sama ta yi baƙi, yayyafi yana dukan ƙeya, to a nan ne manyan suke barin zurfi su taso. Ruwan da ke korar mutane shi ke kiran kifi. Ka wurga, ka jawo a hankali, ka wurga, ka jawo. Yatsu sun mutu, hanci yana zuba, ka rantse wannan ce jifa ta ƙarshe. Ka yi ta ƙarshe sau arba'in. Sai can, tsit, abu ya taɓa igiyar, ka ji shi tun daga yatsa har tsakiyar kai. Wannan taɓawar, Shorai, ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ita na bi shekara hamsin. Mashayi ya fi ni dabara. Shi ko ba komai a zaune yake a inuwa, kuma abin da ya je nema yana samu.

Akwai wani babba a bakin ciyayin can na gabas, mun sa masa suna Hedimasta, saboda sau uku yana kora ta gida da kunya. Bara ya tsinke mini igiya. Watan jiya ya taso, ya shinshina ƙudana, ya juya mini baya kamar na zo ba kuɗin makaranta. Ina jiran ruwan farko. Ranar da shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi ya zuba a tafki, ranar ko Hedimasta hankalinsa gushewa yake yi. Kwana ɗaya ne ko biyu a shekara. A nan za mu yi ta ta ƙare.

Lafiyata ƙalau, kada ki sa wa ranki komai. Shaida kuma ga ta a ambulan: shinge ne na ɗaura, dubi fukafukan, dubi kan. Tsohon da ya ɗaura wannan ai da sauransa.

Abu ɗaya kafin tawada ta ƙare. Na san shekara shida ke nan da aurenki, na san bakin mutane. Kada maganar haihuwa ta dame ki. Mai fatsa ya san jira, ya kuma san ba duk abin da ya taɓa igiya ne ke shiga kwalekwale ba. In rabo ya zo zai zo. In bai zo ba, ke kin ishe ni.

Ubanki,
Zakeo


Bulawayo, 11 ga Nuwamba, 1993

Baba,

Ina gaisuwa. Da alƙalamin da muke zana yadi na rubuta wannan, harafi ɗaya kamar babban yatsa, shi ya sa ta cinye takarda tara. Ka je bakin ƙofa inda haske yake ka karanta.

Kwana biyu na yi ina kuka saboda takardarka. Na gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, ka amsa mini da cewa ba duk abin da ya taɓa igiya ne ke shiga kwalekwale ba. Na ce ashe Baba ma ya ɗauka wannan zai zube kamar na baya. Na ce wa Gwinyai ba zan ƙara rubuta maka ba.

A rana ta uku na ɗauki ƙudan zan jefar. Ya yi kyau ƙwarai, kan ƙarami, fukafukai daidai. Sai na duba zaren da aka naɗe jikin. Baba, kai bahago ne. Naɗinka yana karkata hagu, shekara goma ina kallonsa, har ni da nake badama sai da ka juya mini ƙugiya kafin na iya. Wannan naɗin dama ne. Na fito da duk ƙudajen da ka aiko mini na jera a kan gado, saba'in da ɗaya, duka hagu. Wannan kaɗai ne dama. Baba Firimoni ne ya ɗaura shi.

A nan na gane. Ba ka karanta takardata ba. Ba ka iya ba, kuma girman kai ya hana ka kai wa Gwaggo ta karanta maka. Ka zauna ka ƙaga abin da kake zaton na faɗa, ka amsa.

To ga shi da manyan baƙi. INA DA CIKI. Wata huɗu yanzu. A Fabrairu ya kamata a kawo ni gida.

Likitocin ido suna asibitin mishan daga 22 zuwa 26 ga wannan wata. Na rubuta wa Sista mai kula da asibitin ta sa sunanka. In ka je, zan zo gida in haihu a hannunku. In ba ka je ba, ba zan zo ba. Ba fushi ba ne. Ba zan iya zama da tsohon ciki ina kallon hanyar tafki duk yamma, ina jiran a zo a gaya mini makaho ya kife a ruwa ba. Na yi wannan jiran da Mama tun kana gani. Gwinyai ya ce zai yi magana da manyansa a san yadda za a yi da al'ada, in haihu a nan.

Ka amsa. Ko da kalma ɗaya ce, ko da hannun wani ne. Amma ka ce hannun wani ne.

Shorai


Bulawayo, 6 ga Disamba, 1993

Baba,

Ina gaisuwa. Ni lafiya, abin da ke cikina ma lafiya, ya fara motsi.

Yau kwana ashirin da biyar ba amsa. Makon likitoci ya wuce da kwana goma. Na rubuta wa Gwaggo, shiru. Na je gidan waya na buga otal, wanda ya ɗauka ya ce shi sabo ne, amma ya ji an ce an yi hatsari a tafki ranar ƙanƙara, an kai wani tsoho asibiti, bai san sunansa ba. Sai layin ya yanke. Na sake bugawa sau huɗu.

In kana asibiti da bandeji a ido, to na gode wa Allah, ka sa a rubuto. In fushi kake yi da abin da na faɗa, ka yi fushin a takarda. Gwinyai ya hana ni hawa mota saboda cikin, ya ce shi zai taho ranar Asabar ta sama in ba mu ji komai ba.

Wane tsoho ne aka kai asibiti?

Shorai


Nyanga, 12 ga Disamba, 1993

'Yata Shorai,

Hannun wani ne. Gwaggonki Runiya ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Mun yi sharaɗi za ta rubuta abin da na ce kawai. (Ban yarda da wannan sharaɗi ba. Runiya.)

Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwinyai, ina gaishe da mai motsi. Ki ce wa Gwinyai ya zauna, ina raye. Tsohon da aka kai asibiti Firimoni ne. Shi ma yana raye, jiya aka sallame shi. Idona kuwa yana nan yadda kika bar shi. Ba a yi aikin ba. Ki zauna in ba a zaune kike ba, zan faɗa miki duka, ba gishiri.

Takardarki mai shafi tara na karanta ta da kaina a bakin ƙofa. Da na kai manyan baƙin nan sai na tashi na shiga gonar dankali, na daɗe a can. Ta farkon kuwa tana cikin aljihuna tun Oktoba, na yi ta juya ta, ina ganin kamar tururuwa ta bi ta kan takarda. Kin kama ni. Shekara talatin ina yi wa kifi ƙarya da zare, ban taɓa tunanin zare zai tona ni ba. Makaho bai san ana kallonsa ba. Idon hagu ya rufe tun bara. Na dama yana ganin duniya kamar ranar hazo. A tafki ban damu ba, don can hannu ne ke gani, Firimoni kuma yana gaya mini inda kifi ya taso. Shi ya sa na fi son can. A tudu ni makaho ne, a ruwa ni Zakeo ne.

Na yi niyyar zuwa, Allah ya sani. Litinin na ce layi zai yi yawa. Talata na ce bari waɗanda suka fi ni buƙata su fara. Laraba da Alhamis ban ma nemi dalili ba. Gaskiyar ita ce tsoro. Hazo ya fi duhu, Shorai. Na ce in wuƙar nan ta kuskure, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Sista ta aiko cewa Jumma'a ce ta ƙarshe, in zo kafin ƙarfe biyu.

Ranar Jumma'a na yi wanka, na sa kwat ɗin coci. Firimoni ya zo raka ni, shi ma da nasa kwat. Motar da ke zuwa mishan tana wucewa ta mararraba da tsakar rana, hanyar mararraba kuma kin san ta inda ta bi. Da asuba an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi. Muna gangarowa sai wani abu ya faɗo mini a fuska, na taɓa, fiffike ne. Shinge. Ban ga tafkin ba, amma na ji shi. Kamar mutum ɗari suna jefa tsakuwa a ruwa, ko'ina, tas, tas, tas.

Firimoni ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Zakeo, kul. Jikanka."

Na ce, "Awa ɗaya. Ƙarfe tara ne yanzu."

Ya ce, "Ai ba ka da sanda."

Na ce, "Tana rumfar kwalekwale."

Ya ce, "Wa ya kai ta can?"

Ga gaskiya, Shorai. Ni na kai ta, tun ranar Laraba. Ki rubuta wannan, Runiya. (Na rubuta.)

Jifa ta shida Hedimasta ya ɗauka. Na san shi ne, don bai yi tsalle ba, ya dai nutsa ya tafi da igiya kamar an ɗaura wa saniya. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na ji iska ta juya, ta yi sanyi. Firimoni ya ce, "Gabas ta yi baƙi ƙirin, tsinke mu tafi." Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Mahaukaci, mota!" Na ce saura kaɗan. Sai ƙanƙara ta sauko, manya kamar ƙwan tattabara. Ya ga ba zan saki ba, sai ya miƙe da koma don ya kwaso kifin a huta. Igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen ta gefe. Na ji ƙarar kansa a jikin katako, na ji faɗuwarsa a ruwa, sannan ban ji komai ba sai ƙanƙara.

Na duba, Shorai. Na buɗe idon nan iya buɗewa. Fari kawai. Mutum yana nutsewa taku uku daga inda nake, da kwat ɗin coci, ban san ko dama ko hagu ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, Runiya ma yanzu za ta ji. Kifin yana jikin igiya har lokacin, ina jin bugunsa a hannuna. Tsakanin faɗuwar Firimoni da tsinke igiyar nan, na yi jinkiri. Numfashi ɗaya, ko biyu. Abokina na shekara arba'in. Ban san me zan kira wannan ba, ba a koya mana sunansa a aji uku ba.

(A nan ya tashi ya fita bakin ƙofa. Ni ma na ajiye alƙalami. Runiya.)

Na tsinke. Na yi ta kiran sunansa har na ji tari ta bayana. Na miƙa sandar wajen tarin, ya kama bakinta, ta karye, na sake miƙa guntun, na jawo shi har na damƙi wuyan kwat ɗinsa. Na kasa ɗago shi ciki. Haka na riƙe shi, rabinsa a ruwa, iska tana tura mu inda ta ga dama, har muka shige ciyayin gabas. Masu yankan katako suka ji ihuna. Su suka ɗauke mu a tarakta.

To na isa asibitin mishan ranar Jumma'a, kamar yadda kika ce. Ƙarfe biyar na yamma, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya. Likitocin suna loda akwatunansu a mota. Babbar cikinsu ta haska mini tocila a tsakar gida, ta ce yanar ta nuna, aikin minti ashirin ne, da na zo da safe da yanzu ina kwance ina zagin bandeji. Ta ba ni takarda in kai babban asibitin birni ranar 18 ga Janairu. Ta ce in na wuce wannan, kada in ƙara ɓata wa kowa tocila.

Sanyi ya kama ƙirjin Firimoni, kwana goma sha biyar yana kwance, kwana huɗu na farko bai san wanda ke kansa ba. Ina gefen gadonsa, Runiya tana kawo mana abinci. Takardunki sun zo, na hana ta amsawa, na ce sai na san ko gaisuwar mutuwa zan aiko ko ta rai. Wannan ma laifina ne, na bar ki da jira, abin da kika ce ba kya so. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ka kama shi?" Na ce a'a. Ya ce, "Banza. Ka jiƙa mini kwat a banza." Yana gaya wa duk ɗakin cewa ni na cece shi. Maganar numfashi biyun nan ban gaya masa ba tukuna. Gobe zan je gidansa. In ya kore ni, ya yi daidai.

Sanda ta karye, don haka ba abin da zan rantse a kai. (Akwai ta biyu a cikin rufin ɗaki. Na ciro ta, tana ƙarƙashin gadona, ɗakin kuma da kwaɗo. Runiya.) To, kin ji. Ba zan ce miki na daina son tafki ba, kin gaji da ƙaryata. Yanzu haka da ake yayyafi a waje hannuna yana ƙaiƙayi.

An ce uba ba ya ganin cikin 'yarsa kafin a yi masungiro, in ya gani bayansa ya karye. Na ce wa Runiya ni Allah ya hutar da ni, ko kin tsaya a gabana bayana lafiya. Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na faɗa ban ji daɗinta ba. Ina so in zama uban da dole a ɓoye masa. Ina so ranar da Gwinyai ya shimfiɗa zane a bakin ƙofa in tsallaka da ƙafata, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ina so in ga ko mai motsin nan ya ɗauko kunnuwan gidanmu, in ba shi haƙuri.

Kin ce ba za ki zo ba, kuma ban cika sharaɗi ba, don haka ba ni da bakin roƙo. Kada ki yanke komai a kan maganata. Ki duba ambulan. Ba ƙuda wannan karon, ƙugiya ce tsirara, ba gashi ba zare. Ki ba Gwinyai ya riƙe. In zai iya, ya same ni a tashar birni ranar 17 ga Janairu, ya kama ni da kyau, don na san halina, in na ji ƙamshin asibiti ƙafata tana iya tuna wata hanya. Ranar da aka cire bandeji ya miƙo mini ita. Zan ɗaura mata gashi a gabansa, da hannuna, ya kawo miki.

Ki duba zaren. In naɗin ya karkata hagu, kan kuma bai rufe idon ƙugiya ba, ki ce masa ya sayi awakin. In ba haka ba, ki haihu a inda kike, ba zan ce uffan ba.

Har ranar, tsiraicin ƙugiyar nan a wuyana yake.

Ubanki,
Zakeo